Ma'aunin Dalma Mai Gadin Rana

Ran Talata 11 ga watan Nuwamba na shekara ta 2025, da hantsi bisa agogon Ingila, wata wuta mai ƙarfi ta tashi a fuskar rana. Mutanen da ke kasuwa da gona ba su ga kome ba, domin hasken rana ya fi ƙarfin ido ya rarrabe ƙari ko ragi a cikinsa. Amma kafin sa'a guda ta cika, waɗansu ma'aunai da ke ajiye cikin ɗakuna a ƙasashen arewa masu sanyi, da kuma can ƙuryar kudu ta duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, duk suka tashi tare, ƙidayarsu ta haura abin da ta saba. Masana suka rubuta wannan a littafinsu a matsayin karo na 77 tun daga 1942, suka ce ba a ga mai ƙarfinsa ba tun watan Disamba na 2006. Bayan kwana goma sha bakwai kuma, ran 28 ga Nuwamba, kamfanin Airbus mai ƙera jiragen sama ya ba da sanarwar a gyara kwamfutar tuƙi ta jirage wajen 6,000, bisa dalilin cewa abin da ke zubowa daga rana yana iya ɓata lissafin da take yi. Waɗannan labarai biyu su suka sa aka sake waiwayar wani tsohon ma'auni wanda hukumomi da yawa suka yi shekaru suna ganin kwanansa ya ƙare.

Kafin a zo ga ma'aunin, wajibi ne a san abin da yake aunawa. Dare da rana, rani da damina, akwai wani yayyafi da ke sauka bisa duniya daga sararin samaniya. Ba ruwa ba ne, ba kuwa haske ba ne irin wanda ido ke gani. Ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, gutsattsarin zarra, galibinsu irin da ake kira furoton, suna tafe da gudu kusa da gudun haske. Mafi yawansu daga nesa suke, daga taurarin da suka tarwatse tun zamani mai tsawo. Kaɗan kuwa rana ce ke harbo su sa'ad da ta yi fushi. Wanda ya tabbatar da zuwansu daga sama wani masani ne na ƙasar Ostiriya, Victor Hess. A 1912 ya shiga kwandon balan-balan da kayan awonsa, ya hau fiye da ƙafa 17,000, ya tarar abin yana ƙaruwa da hawa, alhali da daga ƙasa yake fitowa da raguwa zai yi. Wannan ya jawo masa lambar girma ta Nobel a 1936.

Ƙwayar da ta taso daga samaniya ba ta isowa ƙasa da kanta. Can sama, mil goma ko fiye, takan ci karo da iska ta farfasa zarrar iskar, gutsattsarin su farfasa waɗansu, kamar dai dutse guda da ya gangaro daga kan tsauni ya tayar da tsakuwa. Cikin tsakuwar da ke kaiwa ƙasa akwai wata iri da ake kira nutiron, ita ce kuwa ma'aunin ke ƙidayawa. Ƙirarsa ba ta da wani ado. Dogayen bututu ne na ƙarfe cike da wata iska ta musamman, an naɗe su da farar roba, an kewaye su da zobban dalma masu nauyin tan-tan, sa'an nan an sake rufe duka da roba mai kauri. Nutiron mai gudu idan ta bugi dalma sai ta fitar da waɗansu da yawa, robar ta rage musu gudu, iskar cikin bututu ta kama su, kowane kamu ya ba da ɗigon lantarki guda. Aikin ma'aunin ke nan duka: ƙidayar ɗigo, minti bayan minti, shekara bayan shekara. John Simpson na Jami'ar Shikago ya ƙirƙiro shi a 1948, aka kafa ɗaya a Climax cikin jihar Kolorado ta Amurka a 1951. A 1964 Hugh Carmichael na Kanada ya fito da babba wanda ya fi shi kamu, shi ne kuwa har yanzu mafi yawan tashoshi ke aiki da shi.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa gardama a kan mudu ya san cewa awo ba ya zama awo sai an kawar da abin da ke gurɓata shi. Haka yake a nan. Idan iska ta yi nauyi bisa tashar, ƙidaya takan ragu, in ta yi sauƙi ta ƙaru, saboda haka kowace tasha tana da ma'aunin nauyin iska a gefe, ana gyara lissafi da shi. A ƙasashen sanyi har ƙanƙarar da ta taru a kan rufin ɗaki tana rage ƙidaya, sai an hau an share. Irin wannan hidima ce, marar daɗin labari, ake biyan mutane su yi tsawon rayuwarsu.

To, ina ruwan wannan da gargaɗi? Sa'ad da rana ta yi aman wuta, ba manzo guda take aikowa ba. Haske shi ne na farko, yana cin mil miliyan 93 da ke tsakaninta da duniya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, ba kuwa mai iya riga shi. Bayansa ƙwayoyin nan ne, masu ƙarfinsu su iso cikin mintoci kaɗan bayan hasken, raunanan su biyo baya cikin sa'o'i. Can daga baya sai babbar rundunar ta iso, watau wani gajimare na iska mai zafi ɗauke da maganaɗisun rana, wanda kan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Wannan gajimare shi ne mai ɓarna a ƙasa. Shi ne a farkon Satumba na 1859 ya sa wayoyin tangaraho na Turai da Amurka suka yi ta tartsatsi, bayan ya ci hanyar cikin sa'a goma sha bakwai da 'yan kai. Irinsa ne ran 13 ga Maris 1989 ya kashe wutar lantarki ta lardin Kwibek na Kanada, mutum wajen miliyan shida suka yi sa'a tara cikin sanyi ba wuta. A ƙarshen Oktoba na 2003 kuma ya kashe wutar birnin Malmo a Suwidin, ya lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu, ƙasar da a da ake zaton ta yi nisa da irin wannan masifa.

Ma'aunin dalma ya fi ƙwarewa a kan manzo na biyu. Ƙwayoyin da ke da ƙarfin ratsa iskar duniya har labarinsu ya kai ƙasa su ne kuma masu riga sauran isowa, don haka idan tashoshi da dama suka tashi a minti ɗaya, an san cewa sauran rundunar ƙwayoyin na tafe. An shirya na'urorin da ke aika saƙo da kansu in haka ta faru. Amma fa kada a zuzuta abin ya wuce haddinsa, kamar yadda waɗansu masu neman kuɗin bincike kan yi. Gargaɗin na mintoci ne, goma ko ashirin ko talatin, ba na kwanaki ba. Ya isa mutumin da ke aiki a wajen tashar sararin samaniya ya koma ciki, ya isa masu kula da tauraron ɗan'adam su kashe abin da ke da rauni, ya isa a gaya wa matuƙin jirgin da ke ratsa ƙuryar arewa ya sauko ƙasa-ƙasa inda iska ta fi kauri. Bai isa a hana jirgin da ya riga ya tashi tashi ba.

Game da gajimaren kuwa, alamar da ma'aunin ke bayarwa juyayyiya ce. Maganaɗisun da gajimaren ke ɗauke da shi yakan share yayyafin da ke zuwa daga taurari masu nisa, sai ƙidaya ta faɗi maimakon ta hau. Scott Forbush, Ba'amurke, shi ya gano wannan a 1937 da wani ma'auni da ya girmi na Simpson, har yau kuwa da sunansa ake kiran wannan faɗuwa. An ga babba a watan Mayu na 2024, lokacin da jan haske ya bayyana a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba, motocin noma na Amurka masu bin jagorar tauraron ɗan'adam suka rikice ana tsakiyar shuka. Akwai kuma wasu ma'aunai 'yan uwan wannan, masu ƙidayar wata ƙwaya da ake kira miyuwon, a Nagoya ta Japan, da Hobart ta Ostireliya, da kudancin Birazil, da Kuwaiti, waɗanda wani lokaci kan hango inuwar gajimaren sa'o'i kafin ya iso. Wani lokaci ne, ba kullum ba. A wannan fanni tauraron ɗan'adam da aka girke mil miliyan ɗaya daga duniya ta wajen rana shi ne abin dogaro, na ƙasa mataimaki ne.

Wannan ne ya kawo tambayar da ma'aikatan baitulmali na ƙasashe suka daɗe suna yi: tun da akwai taurarin ɗan'adam a sama suna kallon rana ido da ido, mene ne amfanin ci gaba da biyan kuɗin tulin dalma a ƙasa? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuwa tana da rassa. Abin awon da ake ɗora wa tauraron ɗan'adam dole ya zama ƙarami marar nauyi, saboda haka raunanan ƙwayoyi ya fi kamawa, masu ƙarfin kuwa, waɗanda su ne ke kaiwa ga fasinjan jirgin sama da kwamfutarsa, ba ya auna su da kyau. In hadarin ya yi tsanani ma yakan cika ya rikice, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Na ƙasa kuwa iskar duniya duka ita ce garkuwarsa.

Akwai kuma hikimar da ta fi wannan. Duniya kanta maganaɗisu ce, wannan maganaɗisu kuwa yana tace ƙwayoyin kamar yadda rariya ke tace gari. A ƙuryar arewa da ta kudu idon rariyar buɗe yake, kusan kome yana wucewa. Da an nufo tsakiyar duniya, wurin da malaman falaki ke kira haɗɗul istiwa'i, sai idon ya yi ta tsukewa, har ya zama ba mai wucewa sai mafi ƙarfi. Saboda haka tashar Oulu a Finlan, wadda ke ƙidaya tun 1964, da tashar Roma, da tashar da ke kan dutsen Doi Inthanon a Tailan, wadda aka buɗe a 2007, kamar rariya uku ne masu ido daban-daban. In aka gwama abin da kowace ta kama, sai a san yawan masu ƙarfi da yawan raunana cikin abin da rana ta harbo, daga nan a lissafa abin da ya sami kowane jirgi a kowace hanya. Tasha guda ba ta iya wannan. Amfanin kowace yana rataye da sauran, shi ya sa tun 2008 aka haɗa ƙidayar da yawa daga cikinsu a rumbu ɗaya na intanet inda kowa ke iya dubawa minti da minti. Duk duniya tashoshin ba su wuce hamsin da wani abu ba.

Babbar hujja ita ce ta tsawon littafi. Tauraron ɗan'adam yakan yi shekara goma ko ashirin ya mutu, a harba wani da sabon abin awo, sai an sha wahala kafin a daidaita mudun sabo da na tsoho. Ma'aunin dalma kuwa mudu ɗaya ne tun zamanin kakanni. Da shi aka ga yadda yayyafin ke raguwa sa'ad da baƙaƙen tabo suka yawaita a fuskar rana, ya ƙaru sa'ad da suka ɓace, zagaye bayan zagaye na kimanin shekara goma sha ɗaya. Da shi ne kuma aka kama abin da ya faru ran 23 ga Fabrairu 1956, wanda har yau ba a auna kamarsa ba: a birnin Leeds na Ingila ƙidaya ta ninka fiye da sau arba'in. A lokacin ba a harba tauraron ɗan'adam ko ɗaya ba, na farko sai 1957, saboda haka galibin abin da aka sani game da wannan rana daga ma'aunan ƙasa ya fito. Jiragen fasinja na zamanin ba sa hawa can ƙoli, ba su kuma da kwamfuta. Masana sun lissafa cewa in irinsa ya dawo, fasinjan da ke ratsa arewa mai nisa zai iya kwasar abin da ya kai ko ya wuce haddin shekara guda da aka yanka wa jama'a, cikin 'yan sa'o'i. Injiniyan da ke ƙera kwamfutar jirgi a yau, in yana son sanin iyakar abin da za ta jure, ga wannan tsohon shafi yake komawa.

Har ma akwai abin da ya fi na 1956. A 2012 wata masaniya 'yar Japan, Fusa Miyake, ta duba zobban cikin kututturen tsofaffin itatuwa, ta tarar da alamar wani ruwan ƙwayoyi da ya sauka wajen shekara ta 774 zuwa 775, wanda ya ninka na 1956 sau gommai. Ba a iya fassara abin da itacen ya rubuta ba sai da aka gwada shi da abin da ma'aunan dalma suka rubuta a zamanin da aka sani.

Littafin yana wanke wanda ake tuhuma kamar yadda yake kama mai laifi. Abin da ya jawo sanarwar Airbus wani jirgi ne da ya taso daga Meziko zuwa Amurka ran 30 ga Oktoba 2025, ya sunkuya ba zato, fasinjoji suka ji rauni. Jaridu da yawa suka ɗora wa fushin rana. Amma a jerin lokutan da ma'aunan ƙasa suka tashi babu wannan rana. Tsakanin Nuwamba na 2024 da ran 11 ga Nuwamba 2025 ba a rubuta kome ba. Ma'anar wannan ba ta da daɗi ga masu ƙera kaya: yayyafin yau da kullum ma, ba tare da wani hadari ba, ƙwaya guda daga cikinsa tana iya juya harafi ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Alhazai da fatake masu bin jirgi daga Kano ko Yamai zuwa Jidda da Dubai suna cikin waɗanda rariyar nan ta fi karewa, domin hanyarsu tana bin ƙasashen zafi ne, layin tsakiya na maganaɗisun duniya ma arewacin Nijeriya yake ratsawa. Abin da rana ke taɓawa a wannan yanki shi ne saman iska, inda saƙon taurarin ɗan'adam masu nuna hanya kan yi rawa bayan faɗuwar rana. Amma abin da ke kare yankin shi ne ya sa tasha a cikinsa take da daraja, domin ita ce rariya mai tsukakken ido, irinta kuwa kaɗan ne. Galibin tashoshi suna Turai da Rasha da Amurka ta Arewa. Na Afirka da suka daɗe suna kudancinta ne, kamar ta Hermanus da ke ƙidaya tun 1957, garin da Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar lura da yanayin samaniya mai aiki dare da rana a 2022. Tudu irin na Jos ko Mambila zai dace da irin wannan aiki. Sai dai sayen dalma da bututu shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne wutar da ba ta yankewa da albashin da ba ya tsayawa har shekara hamsin, domin tashar da ke ƙidaya wata uku ta huta wata biyu littafinta ba shi da mai saye.

Wannan wuya ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. Ingila, wadda ma'auninta na Leeds ya kama abin 1956, ta bar nata suka mutu, ta yi wajen shekara arba'in tana dogara da na maƙwabta. Sai a ƙarshen 2024 aka kafa sabo a Camborne, kudu maso yammacin ƙasar, wanda Jami'ar Lancaster ta ƙera. Bai cika shekara ba abin 11 ga Nuwamba ya auku. Sun yi sa'a, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Nuwamba na 2019 hukumar jiragen sama ta duniya ta fara aika wa matuƙa gargaɗin yanayin samaniya, lissafin abin da ke samun fasinja a wannan gargaɗi kuwa yana jingine da tashoshin da akasari jami'o'i ke riƙe da su da guntun kuɗin bincike, wanda ake sabuntawa bayan 'yan shekaru ko a ƙi.

A Oktoba na 2024 hukumomin Amurka suka sanar cewa rana ta kai ƙololuwar zagayenta na yanzu. Abin da littafin ya nuna shi ne manyan harbi sukan zo a kan gangara, kamar na 2003 da 2005 da 2006, bayan nan rana ta yi shiru na 'yan shekaru, a lokacin shirun ne kuwa masu rabon kuɗi kan fara tambaya. Tashar Climax, wadda Simpson ya kafa, ta yi shekara hamsin da biyar tana ƙidaya, aka rufe ta a 2006 rana na shiga hutu. A 2009 yayyafin da ke zuwa daga taurari masu nisa ya hau inda ba a taɓa auna shi ba tun da aka fara wannan awo. Oulu da sauran tashoshi sun rubuta, shafin Climax na wannan shekara kuwa fari ne.